Kawunan Roba a Shagon Wankin Hula

Ni ne na kawo wa shagon mahaifina ci gaba, kuma gara in faɗa da bakina tun yanzu, ko da yake har yau ban ga wanda ya fito yana jayayya da ni a kan wannan lambar yabo ba. Ni kaɗai na yi tunanin, ni na nemo injin, ni na jera kayan a kanta. Babu wanda ya aike ni.

Baba mai wankin hula ne. Kakanmu ya zo Jos haƙar kuza, ya ga ramin ya fi ƙarfin ƙirjinsa, sai ya koma wanke wa shugabannin lebura huluna, daga nan sana'ar ta zauna a gidan. Shagon Baba ɗaki ɗaya ne a bakin layinmu, da labule a tsakiya da benci a ƙofa. Wanda bai san aikin ba zai ce me ke cikin wankin hula, ai sabulu ne da ruwa. Ni ma haka na ɗauka, shi ya sa na gudu boko, na sami kujera a wata ma'aikata, na kama haya a Daɗin Kowa, inda nake hidimta wa ƙasa ta hanyar sa hannu a takardun da ba mai karantawa. Amma bayan wanki akwai sitaci, akwai ɗora hular a kan kututturen itace a ja ta a daidaita, a bubbuga, a bar ta ta bushe a kai. Kututturen nan shi ke ba hula tsayuwarta. Baba kawuna yake ce musu.

Yana da na gama-gari masu lamba, na duk wanda ya shigo. Sannan a bayan labule yana da guda goma sha huɗu, kowanne na mutum ɗaya, tsofaffin da suka yi shekara talatin ko fiye suna kawo masa hula. Babu rubutu a jikin ko ɗaya. Shafawa yake yi ya gane na wane ne. Tsofaffin nan su ke riƙe da shagon, domin samarin yanzu in ba hana-sallah ba sai hular sanyi, kuma babu wadda take neman sitaci a cikinsu.

Babban cikinsu shi ne wanda muke kira Baffa. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, amini ne tun ƙuruciya. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗaukar tumatir da kabeji daga Farin Gada zuwa kudu. Tun da ya ajiye tuƙi, kullum da hantsi yana kan bencin Baba, su yi ta musu a kan labaran rediyo har a kira azahar. Baba ya ce masa direban kabeji, shi kuma ya ce wa Baba sarkin kumfa. Ban taɓa ganin Baffa ba hula ba. Ko alwala yake, cusa hannu yake yi ƙarƙashin hular ya shafa ya fitar. Mu dai mun ɗauka gayun direbobin da ne.

Sai hawan jini ya kwantar da Baba wata uku, har ya taɓa masa hannun dama. Shago a kulle. Damina ta sauka, kwanon rufi ya yi yoyo daidai bayan labule, gara ta samu wurin zama. Ranar da Baba ya samu ƙarfin fita na raka shi, muka buɗe. Gara ma ashe ta san kaya masu kyau. Ta bar masu lambar nan ba ta ko duba su ba, ta zauna ta cinye goma sha huɗun. Baba ya ɗauki ɗaya, rabinsa ya zube masa a kan takalmi. Masassaƙin da ya yi su ya daɗe da rasuwa, kuma saura mako uku babbar sallah, tsofaffin har sun fara aiko da hulunansu gida don su ƙarfafa masa gwiwa.

Baba ya zauna a bencin. Ya ce, “In suka kai wani wuri sau ɗaya, shi ke nan, ba za su dawo ba. In ba kowa a bencin nan, me zan fito yi?”

Na san abin da yake nufi. Wata ukun da ya yi a ɗaki sun fi ciwon ramar da shi. In mutanen nan suka watse, Baba zai koma kan katifa ya zuba wa silin ido, kuma a gaskiya na ji tsoron haka ƙwarai. Ina faɗar wannan ne don a san cewa da kyakkyawar niyya na yi ɓarnar.

A kusa da gidan da nake haya akwai shagon wata mata da kowa ke ce wa Madam. 'Yar kabilar Ibo ce, haifaffiyar Anguwan Rukuba, babanta kayan gyaran mota yake sayarwa. Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk “ya” ne a wurinta. Tana da wani inji da ake ce wa tiri-di, girmansa bai fi akwatin talabijin irin na da ba. Zaren roba yake ci, ya narkar, ya riƙa zuba shi siriri-siriri, layi bisa layi, tun daga ƙasa har abu ya tashi tsaye. Tana kuma da wata na'ura ta hannu mai fitar da haske, in ta zagaya abu da ita sai siffarsa ta fito a kwamfuta, daga nan injin ya ƙera irinsa sak.

Na sha tsayawa ina kallon abin da mutanen garinmu ke yi da wannan baiwa. Wani ya kawo haƙorin injin markaɗe da ya karye. Wata ta kawo dunduniyar takalmin aurenta ɗaya, a yi mata ta biyu. Wani mai kiwo ya sa an yi wa talotalonsa baki, bayan kare ya gutsure na asali, kuma talotalon ya rayu har Kirsimeti, inda bakin bai cece shi ba. Wanda ya fi burge ni wani dillalin Farin Gada ne da ya zaɓo tumatir mafi girma a kasuwa, ya ce a yi masa irinsa ashirin, jajaye, ya riƙa ɗorawa a saman kwando in zai ɗauki hoton da zai tura wa masu saye a kudu. Turawa suna can suna fama su ƙera sassan jirgin sama, mu kuwa Allah ya ba mu basirar sanin inda abin ya fi amfani.

Na kai wa Madam kukana. Ta ce, “Oga, ba wahala. Ka kawo min ragowar itacen, ko rabi ne, in ɗauka, in cike wurin da gara ya ci.”

Nan fa bokona ta motsa. Na ce haba Madam, me za a yi da kwafin kwafi? Itacen nan ai kwaikwayon kai ne da wani tsoho ya sassaƙa da ido. Ga kawunan nan na asali suna yawo a gari a kan wuyan masu su. A ɗauki kan mutum kai tsaye, a yi masa nasa daidai da shi, ba ragi ba ƙari. Har na ji muryata tana yi min daɗi. Ta dube ni ta ce to, in dai tsofaffin za su yarda.

Na je na gaya wa Baba. Ya ce, “Injiniya,” don haka yake ce min in ya ga na ɗauko iyayi, “kan mutum daban, kan hula daban.”

Na ce masa wannan a da ne, lokacin da ba a da abin aunawa. Na nuna masa bidiyo a waya. Na yi masa bayani da Turanci a wuraren da na ga Hausa ba za ta rufe masa baki ba. Bai gamsu ba, amma kwana yana tafiya, hannunsa na dama bai gama dawowa ba balle ya ce zai gwada sassaƙa da kansa. Ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: a bayan labule za a yi, mutum ɗaya bayan ɗaya, daga shi sai Madam sai mai kai. Ni ma a waje.

Ranar da Madam ta zo da na'urarta layinmu ya ga abin kallo. Dattawa goma sha uku a jere da manyan riguna, za su shiga su cire hula a gaban mace. Ɗaya ya tambaya ko hasken yana ganin abin da mutum ke tunani. Na ce a'a, ya ce to alhamdu lillahi. Wani ya rantse gwamnati za a kai wa, don a san kan da za a ɗora wa sabon haraji. Limamin masallacinmu, wanda shi ma yana cikinsu, ya ja ni gefe ya ce in dai abin zai fito da ido da hanci to gunki ne, ba da shi ba. Madam ta ce daga gira zuwa sama kawai za ta ɗauka. Liman ya yi nazari, ya ce ƙoƙon kai shi kaɗai ba ya zama gunki, ya tattara rigarsa ya shiga.

Baffa ne bai zo ba. Kwana biyu yana cewa shi a bar shi, tsohuwar hularsa ta ishe shi sallah. A rana ta uku na ji Baba yana ce masa a hankali, “Ni na tsaya maka. Daga ni sai matar, kuma na ga tana da kamun baki.” Madam ta sake zuwa saboda shi kaɗai. Suka shiga, suka fi kowa daɗewa. Da ta fito ba ta yi wasan da ta saba yi da tsofaffin ba, ta durƙusa ta gaishe shi ta tafi.

Washegari ina ofis, muna tsakiyar taro a kan ranar da za a yi wani taron, ta kira ni.

“Oga, kai ɗaya yana da rami fa. Na tsohon nan na ƙarshe. In gyara shi a kwamfuta kafin in buga?”

Na ce, “Madam, kada ki taɓa komai. Duk amfanin abin shi ne ya fito yadda yake.”

Ta ce, “Ka tambayi Baba tukuna.”

Na ce na riga na tambaya. Ban tambaya ba. Ina da taro.

Bayan kwana takwas ta gama. Robarta fara ta ƙare tun a kai na huɗu, don haka sauran suka fito da launin da ya samu: kore, shuɗi, ruwan hoda, ruwan lemo. Goma sha uku a kwali, kowanne da lamba a ƙasa, da takardar da ta rubuta lambar kowa. Na sha huɗun ta ƙulle shi daban a baƙar leda, ta miƙo min da hannu biyu. Ta ce, “Wannan ka ba Baba a hannunsa.”

Ran nan da safe Baba yana asibiti, ranar awon jininsa ce, mukullin shago yana hannuna. Na buɗe, na duba, na ga duhu ya yi yawa, sai na kwance labulen na ninke. Shekara arba'in labulen nan yana rataye, bai taɓa samun mai ilimin da zai gane yana tare haske ba sai ran nan. Na share kantar gaba, wadda ke kallon titi, na jera kawunan. Sai na tuna Baba shafawa yake yi ya gane, alhali ga hanya mai sauƙi. Na ɗauko alƙalamin maka na rubuta sunan kowa a goshinsa da manyan baƙaƙe. Na kwance baƙar ledar ma, don layin ya cika. Mai ruwan lemo ne. A gefen hagu, sama da kunne, akwai wani lotsi mai zurfi, dogo, bakinsa a miƙe. Na sa babban yatsana a ciki, ya shige har gaɓa. Na ce kai, injin nan ba ya ƙarya! Wallahi iyakar tunanin da na yi ke nan. Na rubuta sunan Baffa, na ajiye shi a tsakiya saboda launinsa ya fi fitowa, na ɗauki bidiyo na tura guruf ɗin unguwa da ke waya, da rubutu a ƙasa cewa shagon Baba ya shiga zamani.

Kafin rabin awa ƙofar shago ta cika. Mai shayi ya bar tukunyarsa, teloli suka bar kekunansu. Ashe Alhajin da ke da gidan bene kansa tsini gare shi kamar gwanda. Ashe na liman a baje yake ta baya. Wani kuma ƙeyarsa ta yi gaba ita kaɗai ta bar shi. Ana ta dariya har da riƙe ciki, ana ɗauka a waya, ni kuma ina tsaye ina bayanin yadda injin ke aiki, ina amsa tambayoyi kamar kwamishina.

Sai mahaucin layinmu ya miƙa hannu ya ɗauki mai ruwan lemon. Ya juya shi, ya bi lotsin da yatsa. Ya daina dariya.

Babban ɗan Baffa, wanda ke harkar lodi a Farin Gada, ya ga bidiyon ya zo a kan babur, yana tsaye a bayan mutane. Ya ce, “Ai ciwon da ya ji ne a hanyar kudu, lokacin da ƙofar mota ta faɗo masa. Muna yara.”

Mahaucin ya girgiza kai. Ya ce, “Ni dai aikina ke nan kullum. Ƙofa ba ta yin haka. Wannan bayan gatari ne.”

Sai wani ya tambaya wace shekara ce Baffa ya yi wata biyu a kwance. Wani ya tuna. Kowa ya lissafa a ransa, kowa ya isa wuri ɗaya, domin shekarar tana cikin shekarun da garin nan ya rikice, waɗanda mu mutanen Jos ba ma son ambata sai da “lokacin nan”. Na kalli fuskar ɗan Baffa. Sai a lokacin na tuna da baƙar leda.

Hantsi ya yi, Baffa ya karyo kwana yadda ya saba, da rediyonsa a hannu. Ba ya guruf, wayarsa ma ta kira ce kawai. Mutane suka buɗe masa hanya. Ya dubi kantar, ya dubi abin da ke hannun mahauci, ya karɓa. Ya karanta sunansa. Sannan ya dube ni.

Ya ce, “Rubutunka da kyau.”

Ya cusa shi cikin babbar rigarsa, ya juya. Ɗansa ya bi shi yana cewa, “Baba, waye? Baba, ka gaya min waye.” Bai waiwayo ba.

Da keke mai ƙafa uku ya sauke Baba daga asibiti, mutane sun watse, saura ni da kawuna goma sha uku. Tun a hanya aka ba shi labari. Na so ya zage ni, wallahi na so. Bai zage ni ba. Ya ɗauki labulen ya hau kan kujera, da hannun nan da bai gama warkewa ba, yana ƙoƙarin maƙala shi a ƙusa yana kuskurewa. Na miƙa hannu, ya ce in bari. Sai da ya rataye shi, ya kwashe kawunan ɗaya bayan ɗaya ya kai ciki, sannan ya kira ni.

Ya ce ranar da abin ya faru shi ya tsinci Baffa a bakin kwata, ya ɗauko shi a baro. Baffa ya ga wanda ya buge shi, ya san shi. Mutumin yana nan da rai, ba nisa, 'ya'yansa da 'ya'yan Baffa kasuwa ɗaya suke ci, suna gaisawa. Tun yana kwance ya ce wa Baba da matarsa ƙofar mota ce, kuma ƙofar mota za ta ci gaba da zama, don yana da 'ya'ya maza huɗu kuma ya san zuciyarsu. Tun daga lokacin bai ƙara zama gaban wanzami ba. Baba ke yi masa aski a bayan labulen nan duk mako biyu.

Na ce, “Kai ka san ko waye?”

Ya ce, “Ban tambaya ba. Ni hula aka kawo min.”

Kawunan nawa kuwa, na kimiyya, waɗanda ba ragi ba ƙari, muka gwada ɗora hula a kan na Alhaji mai bene. Ta bushe ta fito da tsini, sak kan mai ita. Ta liman ta fito kamar an zauna a kai. Ashe kututturan da gara ta ci babu na gaskiya ko ɗaya. Duk inda Allah ya rage wa mutum, Baba da masassaƙinsa sun cika, inda ya yi yawa sun san yadda za su ɓoye. Shekara talatin dattawan nan suna yawo da kawunan da Baba ya ga ya dace da mutuncinsu. Ya ɗauko wuƙa zai rage tsinin Alhaji, wuƙar ta burma, ashe cikin robar saƙar zuma ce, holoƙo. Sai muka koma tsumma da sitaci. Na ɗauki hutu a ofis, ƙasa ba ta girgiza ba. Yana zaune yana cewa ƙara nan, danne can, ni ina naɗawa, har muka rufe sunayen da na rubuta, muka mayar da kowane kai yadda ba haka yake ba. Hulunan suka fito kafin sallah.

Goma sha ukun sun yi fushi na kwana biyu, sannan suka dawo, don dariyar ta hau kan kowa, kuma wanda aka ce kansa gwanda ne yana da abin da zai rama da shi a kan liman. Baffa ne bai dawo ba.

Na je gidansa ba da haƙuri. Ya sa aka shimfiɗa min tabarma, aka kawo min shayi, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Na ce, “Baffa, ku yafe min, laifina ne ni kaɗai, Baba bai sani ba.” Ya ce ba komai. Na sake faɗa, ya sake cewa ba komai, da irin muryar da ake rufe ƙofa da ita a hankali. A zaure 'ya'yansa biyu suka tare ni, suna so in karɓo musu hoton da ke kwamfutar Madam, wai akwai wanda zai duba musu. Na je wurinta ina addu'ar kada ta bayar. Ta ce, “Na share tun ranar da na buga. Kai ne ban iya sharewa ba, Oga.” Har yau, iyakar sanina, Baffa bai faɗi sunan ba, kuma har yau suna tambayarsa.

Muka ji labari ya kai hulunansa wurin wani mai wanki a bakin Farin Gada, magidanci ne da ya iya aikinsa daidai gwargwado, amma da kututture mai lamba yake yi wa kowa.

Juma'ar da ta biyo bayan sallah muna masallaci, ni da Baba, sai ga Baffa a sahu biyu gabanmu. Kube ce a kansa, sabuwar wanki, fes. Amma ta gefen hagu ta lotsa, ta bi ramin ta kwanta a ciki, ta karkace. Mutane suna satar kallo suna kawar da kai. Shi kuma yana ta kai hannu yana gyarawa, tana komawa. Na saci kallon Baba. Ban san abin da ya ji a huɗubar ran nan ba, don idonsa bai bar wurin ba.

Da aka sallame ya ce in tsayar da keke. Na ɗauka gida za mu. Ya sa aka biya shago, ya shiga ya fito da ƙyalle da allura, ya ce wa mai keken Farin Gada.

Mai wankin yana ganin Baba ya miƙe, ya sha jinin jikinsa, ya ɗauka rigimar ƙwacen mai kawo aiki ce ta zo. Ya fara rantsuwa cewa shi bai kira kowa ba. Baba ya ce ya zauna. Ya tambaye shi wace lamba yake ɗora wa tsohon direba, ya ce a miƙo. Ya zauna a kan buhun da ke wurin, ya ninka ƙyallen biyu, ya nuna masa daidai inda zai ɗora a kan itacen, gefen hagu, yatsa uku sama da baki. Ya ce sitacin wannan gefe ya fi kauri, kuma kada ya buga nan, da tafin hannu zai lallaɓa. Ya nuna masa yadda zai ɗinke wani ƙaramin ƙyallen a cikin hular ta yadda ko mai ita ba zai ji ɗinkin ba. Ya sa shi ya yi a gabansa sau biyu, na farko ya ce a warware. Mutumin yana yi yana kallon Baba, ya kasa gane me ke faruwa.

Da za mu tashi Baba ya ce, “Abu uku. Kada ka tambaye shi komai. Kada ka ce na zo. In zai gwada hular, ka juya baya kamar kana neman wani abu.”

A cikin keke na kasa haƙuri. Raina ya ɓaci, da kaina da shi duka. Na ce, “Baba, da ka bari, hular nan da kanta za ta dawo maka da shi. Yanzu ka koya wa wancan, me zai kawo shi kuma?”

Ya ce, “Na sani. Za ta dawo da shi. Kafin nan Juma'a nawa zai yi da kai a waje?”

Ya juya yana kallon titi har muka isa gida.